Motar Da Ta Tuɓe Wa Kawu Hula

Muna cikin gwada motar ke nan iska ta fizge hular Kawu Sani, ta jefa ta gaban wata majalisa a Mandawari.

Tsohuwar mota ce ja, irin wadda ake naɗe rufinta baya. Ta girme ni, amma ko hayaƙi ba ta yi. Mai ita ya tsuga kuɗi, shi ya sa na ɗauko Kawu ya duba min ko ta kai.

Dattawan majalisar suka miƙo hular suna dariya. Kawu ya karkaɗe ta, ya dubi mai motar.

"Alhaji, yau ka nuna wa duniya sanƙona. Sai ka rage kuɗin rufi."

"Albarka," in ji Alhaji. "Ai iskar nake sayarwa, motar gyara ce."

Kawu ya taɓo ni. "Ka ji ko? Da bakinsa ya ce ta gyara ce. Kullum muna wajen bakanike ke nan."

Alhaji ya yi dariya har da ƙwalla, ya rage, ya sallama.

Yanzu duk Juma'a Kawu ne a kujerar gaba, hannu ɗaya dafe da hula.

Ku fa, da kun saya, ko hularku ta fi muku?