Kusurwar Wirna

Pan Hilary, wato Malam Hilary a yarenmu, ba ya fara zana garkuwa sai ya ɗora allon a ƙirjinsa. Ya ce ta haka yake tuna cewa daman garkuwa na mai riƙe da ita ne, ba na mai kallo ba. Shekara arba'in yana yi wa garuruwa tambari, ni kuma ina yanka masa allunan.

Ni da shi 'yan Wirna ne, ƙauyen da madatsar ruwa ta haɗiye. Ba ma yawan zancensa.

Da aka haɗe ƙauyuka biyun da suka karɓe mu suka zama gunduma ɗaya, shi aka ba aikin tambarin. Ya raba garkuwar gida biyu: rago na makiyaya, gatari na masu saran itace. Sannan ya yanki 'yar kusurwa a sama ta dama, ya shafe ta da shuɗi. Ƙararrawar cocin Wirna yake so ya sa a ciki.

Leokadia, shugabar gundumar, ɗiyar ƙanwarsa ce. Ta zo shago ta daɗe tana kallon allon.

Ta ce, "Kawu, kai ka koya mini nan ne wurin girma. Ka ɗora ƙauyen da babu shi a kan ragon mutane? Ai cinye ni za su yi."

"Da waɗanne haƙoran? Rabin majalisarki miya kaɗai suke iya sha."

"Ka mayar da ƙararrawar ƙasa mana."

"Shekara talatin ke nan tana ƙasa, 'yar nan."

Ya zuba mata shayi, suka koma hirar kabeji.

Sau uku majalisa ta zauna. Shi kuwa ya ƙi sa wa ƙararrawar fenti sai sun yarda. Da alli kawai ya fitar da ita. A zama na huɗu wani tsohon makiyayi ya tuna a Wirna aka ɗaura auren uwarsa, ya ɗaga hannu. Da ratar ƙuri'a ɗaya aka amince.

Lokacin ƙarfin Hilary ya fara ƙarewa. Ya dama fentin ruwan zinariya ranar Litinin, ya ce bari ya huta tukuna. Asabar muka binne shi.

Allon yana shagona, na jingine shi inda hannun riga ba zai goga ba. Leokadia takan tambaya ko na samo wanda zai ƙarasa. Nakan ce ina dubawa.