Lungun da Ya Ƙi Makarar Inna

Ƙarfe tara da kwata na safiyar wata Talata, bayan an gama yankan gero, mu huɗu ne a ƙofar gidanmu: ni, da magini, da ma'aikacin tsara gari da aka turo daga ƙaramar hukuma, sai Inna mahaifiyata, tana zaune a kan kifaffen turmi daga cikin zaure, carbi a hannunta. Ni mutum ne mai duba agogo, shi ya sa na riƙe lokacin. A wannan sa'ar aka ja tef ɗin awo a gaban zauren da mahaifina ya gina.

Ga yadda abin ya faro. A shekarar na sayi tsohuwar a-kori-kura don ɗauko tumatir da albasa daga Watari zuwa kasuwar Tsanyawa. Sau biyu ana kwance mata batir a waje, sai na yanke shawarar rushe zaure in yi gareji. An riga an zuba kwalta a hanyar da ta ratsa garinmu, an kuma ce duk wanda gidansa ke kallon titi ba zai ɗora bulo ba sai an zo an auna.

Ma'aikacin mutum ne mai ladabi, ba ni da abin da zan ɗora masa. Ya karanta mini sharuɗɗa uku. Na farko, in ja da baya daga titi don a bar wurin lambatu. Na biyu, faɗin ƙofar gareji kada ya gaza ƙafa tara, tsawon ɗakin kuma ya haɗiye motar duka, kada gindinta ya leƙo waje. Na uku, ƙyaure kada ya buɗe ta wajen titi. Gaban gidanmu ƙafa goma sha uku ne tsakanin katangun maƙwabta biyu. Da aka cire gareji da kaurin bangonsa, abin da ya rage wa mutane lungu ne mai faɗin ƙafa biyu da ƴar ɗoriya. Saboda ja da bayan da aka yi kuma, lungun zai je ya ci karo da bangon turakata, sai ya karya hagu kafin ya faɗa tsakar gida.

Ma'aikacin ya naɗe tef ɗinsa ya ce, "Malam, abin da na karanta maka dokar mota ce. Ƙofar mutane ba ta cikin takardata. Amma da ni ne, da na sare kusurwar ɗakin nan naka, hanya ta miƙe."

Na ce a'a. Bara na yi wa turakar kwano da shafe.

Sai Inna ta yi magana daga ciki. "Kai, zo nan. Wannan zanen da kuka yi a ƙasa, ƙofa ce ko ramin ɓera?"

"Ƙofa ce, Inna."

"Ta zauren nan aka shigo da ni ina amarya. Ta nan aka fitar da ubanka, mutum huɗu a jere, ba wanda kafaɗarsa ta taɓa bango. To ni ta ina za ku fitar da ni?"

Magini ya yi dariya. "Haba Inna, ke da kike siririya kamar sillen kara? Ko ta taga kya fita."

"Ja'irin banza, da bakinka kamar na tulu. Ba ni za ka auna ba, makara za ka auna."

Duk aka yi dariya, har da ita. Ni ban yi ba. Na ce mata ta daina irin wannan magana da sassafe, na ce wa magini ya fara aiki jibi. Haka nake a gidana: in na faɗi abu sau ɗaya, ba na maimaitawa. Ita ma ba ta maimaita ba. Ranar da aka rushe zauren ta sa aka kai mata tsohon ƙyaurensa bayan ɗakinta, ta jingine shi.

Shekara uku muka yi da wannan lungu. Buhun gero sai an karkata shi. In mutum biyu suka haɗu, ɗaya ne zai koma da baya. Matata ta yi ƙorafi, na ce ta saba. Ban yi wa garejin ƙofa ta ciki ba, don kada ɓarawo ya samu hanya. Mota dai ta kwana lafiya, ba a ƙara taɓa batirinta ba.

Inna ta rasu ranar wata Alhamis da hantsi, bayan zazzaɓin kwana biyar. Zan faɗi abin da ya biyo baya a jere, yadda ya faru.

Aka aika masallaci aka ɗauko makara. Da yake ba kowa a cikinta, aka miƙe ta tsaye aka shigo da ita, ba wanda ya lura da komai. Mata suka yi mata wanka da sutura. Aka kwantar da ita. Mu huɗu muka ɗauka: ni, da ƙanena, da ƴaƴan ƙanin mahaifina biyu. A bakin lungu muka ga mutum biyu ba za su jeru ba, sai muka koma ɗaya gaba ɗaya baya, ni a gaba. Da muka zo kwanar, kan makara ya daki bangon gareji, ƙarshenta ya daki bangon turakata. Muka ja baya muka sake gwadawa. Muka ɗaga sama. Ƙanena ya ce a ɗan karkata ta, muka karkata kaɗan, sai na ji nauyin Inna ya zame ya jingina da gefen makara.

Na ce, "A tsaya."

A waje jama'a sun yi sahu, rana tana ɗagawa. Liman ya aiko a ji ko lafiya. Wani ya ce a ciro ta a naɗe a tabarma a lanƙwaso da ita. Wani ya ce a fasa bulo, amma bulon da na sa aka yi na cike ne da siminti, kuma lintar kankare ta hau kansa. Ina tsaye da hannun makara a tafina, ni da na saba ba da umarni, ina sauraren shawarar mutane.

Sai muka ji sara daga gabas. Maƙwabcinmu ne, wani dattijo ɗan asalin Barno da iyayensa suka zauna a garinmu tun kafin a haife ni. Ya ɗauko diga yana fasa katangar ƙasa da ke tsakanin gidansa da namu, bai tambayi kowa ba. Da ya buɗe wuri, ya leƙo, ƙura a gemunsa, ya ce, "Ku biyo da ita ta nan, ɗana. Zaurena yana da faɗi."

Ta nan muka bi. Muka tsallake ɓaraguzai, muka ratsa tsakar gidansa, matansa suka koma gefe suna salati. Inna ta yi fiye da shekara hamsin a gidan mijinta, ba ta taɓa yaji ba, amma ta ƙofar wani gida ta fita zuwa makwancinta.

Ba wanda ya yi mini gori a zaman makoki. Magini ya zo gaisuwa, ya kasa haɗa ido da ni. Bayan kwana bakwai na gyara wa dattijon katangarsa, sannan na sa guduma na sare kusurwar turakata da hannuna. Aikin wuni ɗaya ne. Wuni ɗaya tak. Tsohon ƙyauren yana nan a bayan ɗakinta, gara ta fara cinsa, na kasa ɗauke shi.

Kai mai karatu, in za ka yi wa motarka ɗaki, ka bi awon da hukuma ta ba ka, ba laifi. Amma ina roƙonka, kafin a ɗora bulon farko, ka ari makara a masallaci, ka samu mutum huɗu, ku ɗauko ta daga ɗakin da ya fi nisa a gidan har bakin titi, ba tare da kun karkata ta ba. In ta wuce, sai ka yi gininka.