Bajimin da Aka Ɗaure wa Surukina

Shekarar da na yaye 'yata ta fari maigidana ya ce zai sa muryata a shafinsa. Shafin labaran ƙasarmu ne a intanet, daga Kiru da Bebeji har Doguwa. 'Yan acaɓan Kwanar Dangora ke kawo masa labari, shi kuma yana yi wa ƙungiyarsu sanarwa kyauta. Da ya buɗe rajistar mambobi, maza kaɗai suka shiga. Matan ƙungiyar masu ƙuli-ƙuli ta Ƙafin Maiyaki suka aiko cewa ba za su shiga abin da sai an karanta musu ba, amma in mace za ta riƙa faɗa da baki, za su gwada na wata guda.

Ni a aji huɗu na tsaya. Na ce masa in'ina zan yi, a riƙa nuna ni a gidan suna. Ya ce ba karatu ba ne, zai faɗa mini, in maimaita a waya kamar ina ba maƙwabciya labari ta kan katanga.

Sati biyu lafiya ƙalau. Farashin masara, gadar da ruwa ya ci, ranar rigakafi. Ina ɗauka ina jijjiga yarinya a cinya kada kukanta ya shiga.

Wata Laraba zai tafi Tudun Wada, a tsaye ya ba ni cigiya: jan bajimi mai karyayyen ƙaho ya ɓace wa wani makiyayi a Badafi. Ya faɗi sunan mutumin, ya buga babur. Sunan surukina ne sak, mahaifin maigidana.

Tunda aka kawo ni gidan nan sunan bai taɓa fita bakina ba, ko da mai shago ne ke da shi. Surukata kuma ba ta ƙetare shirin, har ƙara sauti take yi. Sau biyar ina ɗauka ina gogewa. Ƙarshe na ce wanda ya ga bajimin ya kai wa mai sunan surukina, na tura.

Washegari 'yan acaɓa suka gan shi a gonar wani. Suka yi shawara cewa tunda ba su san wane ba ne cikin masu sunan, a kai wa Baba, wato surukin nawa, ai zai san takwaransa. Suka ɗaure masa a ƙofar zaure. Kafin mai shi ya zo, kwana biyu, ya cinye harawar tumaki, ya fara kan zana.

Baba ya aiko a kira mu. A hanya maigidana ya ce in an hana shirin, matan sun tafi ke nan. Na durƙusa nesa, ina kallon ragowar zanar.

Baba ya dubi ɗansa.

"Ita ta yi abin da aka koya mata. Kai ne ka ba ta suna ka hau babur. Daga yau ta faɗi labarinta, in an zo kan suna kai ka sa baki."

Haka muke yi har yanzu. Ina kaiwa wurin sai in miƙa masa waya, ya faɗa da ƙatuwar muryarsa, ya miƙo mini. Matan sun zauna, sun ma jawo na Badafi. Baba shi ma ya sa an yi masa rajista, wai don ya riƙa sanin abin da za a kawo masa ƙofar gida tun da wuri.