Sai Tanne Ta Taɓa

Tanne yayar mijina ce, kuma tun da aka kawo ni gidan ba mu taɓa wuni ba mu yi cacar baki ba. Ta ce miyata ruwa ce, na ce bakinta ya fi barkono. Amma ko ni da ba na raga mata, ban taɓa yi mata musu kan akuya ba. Gajeriya ce, baƙa, mai hannun maza, kuma a ƙauyenmu na ƙasar Kurfai ba a sa wa akuya wuƙa sai ta taɓa.

Haka muka tarar ana yi. Ko mahauci ne, ko mai suna, ko ƴan bori za su ba iskoki baƙar akuya, sai a ajiye wuƙa a ƙasa a aika kiran Tanne. Masu salla da masu tsafi sun saɓa a kusan komai, amma sun yarda ba a yanka mai ciki. Cikin da ya fito kowane sakarai na gani. Aikin Tanne shi ne wanda bai fito ba.

Wajen uwarta ta koya. Takan fara da tambaya: yaushe bunsuru ya hau ta? Da sati uku ya zagayo, ta sake kaɗa wutsiya tana kuka tana neman namiji? In ba ta sake ba, sai a jawo bunsuru. In ya sansana ya juya abinsa, Tanne ta gyaɗa kai. Sai ta dubi gashi ko ya kwanta yana sheƙi, ta tambaya ko nono ya ragu, ko mai tsallake darni ta koma mai ladabi da yawan ci. Daga ƙarshe ta durƙusa, da safe kafin dabba ta ci komai, ta sa yatsu gaban hantsa ta danna a hankali. In wurin ya ɗaure sai ta ce, “Mai da wuƙarka kube.” Har kasuwar Lahadi ta Filinge mahauta kan neme ta, ta dawo da hanta a ƙunshe ta hana ni.

Farin shekarar tamanin da huɗu, zamanin soja, ya share garkenta. Mijinta ya rasu tun kafin nan. Abin da ya rage mata akuya ɗaya ce, Ja, jinin wadda uwarta ta ba ta ranar aure. Ta zare ciyawar rufin ɗakinta ta ciyar da ita, tana raba dusar taimako da ita. Da damina ta dawo, ta ja ta a ƙasa har Bonkuku inda aka ce akwai sauran bunsuru. Bayan wata ɗaya da ɗoriya na ga Tanne ta taso daga gindin turke tana dariya ita kaɗai. Ban tambaye ta ba, na san Ja ta ɗauki ciki.

Ana nan aka ce wani babban soja zai zo rangadi, kowane ƙauye ya ba da dabbar yanka. Wanda aka turo karɓa Na'Allah ne, gardi mai kakin gwamnati, ɗan ƙauyenmu, wanda suka yi kiwo tare da Tanne suna yara. Kaki ya shiga kansa. Ya zo da rana tsaka da dorina da bindiga, ya zarce gidanmu, don duk garin ba dabbar da ke sheƙi kamar Ja. Mijina tun fari bai dawo daga ci-rani ba. Mutane suka biyo Na'Allah suka cika ƙofa.

Na'Allah ya ce, “Tanne, kwance akwiyar ga.”

Ta ce, “Ciki gare ta, Na'Allah.”

“Ina cikin? Ni ban ga komi ba.”

“Kai ba ka gani. Ni na taɓa.”

Ya yi dariya ya ce, “Ta mutane kina hwaɗin gaskiya. Taki kau mi za ki cewa in ba ciki ba?”

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne, ba wanda ya buɗe baki ya tsaya mata. Kowa na tsoron in an bar tata a ɗauki tasa. Har na ji wani a baya ya ce kowa ma haka zai faɗa. Matsorata, kuma na gaya musu a idonsu.

Tanne ta naɗe igiyar a hannunta na dama. Ya zuba mata dorina a baya, a wuya, a fuska, har leɓenta ya tsage jini ya jiƙa mata zane. Ba ta saki ba. Na rarumo taɓarya na yi kansa, ya sa takalmi ya harbe ni a ciki, na bugu da bango numfashina ya ɗauke. Ina kwance na ga ya taka hannunta a kan turke, ya ɗaga gindin bindiga ya sauke. Ya sake saukewa. Na ji ƙarar ƙashi. Duk da haka yatsun ba su buɗe ba, sai da ya yanke igiyar. Da wannan wuƙar ya danne Ja ya yanka ta a gaban Tanne, wuƙar da ba ta taɓa ƙasa ba.

Ya tilasta wa Kailu mahauci ya feɗe. Da Kailu ya tsaga cikin, ya jawo mahaifa, sai ga su biyu kamar ƴaƴan ɓera, har da ƴan ƙafafunsu. Kailu ya yar da wuƙa ya juya ya yi amai. Na'Allah ya ce a wanke naman a sa a mota. Tanne ta ja jiki, ta kwashe ƴaƴan da hagu, ta ƙulle a kallabinta ta binne a gindin turken.

Maɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, yatsu uku suka warke a lanƙwashe. Daga ranar Tanne ba ta sake taɓa akuyar kowa ba. Duk wanda ya aiko, amsarta ɗaya ce: “Ku tambayi Na'Allah.” Ta koma sayar da gyaɗa, tana jan guga da hagu, tana shan miyata tana kushewa.

Soja suka tafi, suka dawo, suka sake tafiya. Na'Allah ya tuɓe kaki ya dawo gida tsoho, ido ya dushe, ba shi da komai sai akuya ɗaya. Da ɗiyarsa Habsa ta haihu ya so yanka ta ranar suna, Kailu ya rantse ba zai sa mata wuƙa ba sai Tanne ta taɓa. Da safe muka ga tsohon a ƙofarmu yana jan igiya. Ya sunkuya ya ajiye wuƙa a ƙasa.

Ya ce, “Tanne, don Allah.”

Ta daɗe tana kallon akuyar, ba shi ba. Ta dubi gashin, ta dubi wutsiyar. Sannan ta ce, “Yatsuna ba su ji, kai ka san dalili. Kawo naka.”

Ta kama hannunsa da hagunta, ta durƙusar da shi, ta kai yatsunsa gaban hantsa. “Danna. Mi ka ji?”

Ya ce, “Wurin ya ɗaure.”

“Hakanga na ji ga Ja.”

Sai ta murɗe masa yatsa ɗaya baya, ji kake ƙas. Ya kwarma ihu yana fizga, ta bi na biyun ta karya, sannan ta sake shi yana birgima a ƙasa. Ni ko motsi ban yi ba, kuma wallahi daɗi na ji.

Ta ce, “Na bar ma sauran ka ɗauki jikanka. Ciki gare ta. Mai da wuƙarka kube.”

Akuyar ta haifi biyu da kaka, Tanne ba ta je gani ba. Shekarar da ta biyo ta rasu, ni na yi mata wanka. Na yi ta ƙoƙarin miƙe yatsun nan kafin a sa ta a likkafani, suka ƙi. Haka muka kai ta, hannun a dunƙule yadda ya riƙe igiyar.