Manhajar Kyauta Da Ta Raba Ni Da Kawuna

A lokacin ina da shekara ashirin da takwas, ina da ɗan shagon gyaran kwamfuta a Diguel, kuma ina ji da kaina sosai. Na kamu da son wata manhaja mai tafiyar da kwamfuta, wadda kowa zai iya saukewa kyauta ya duba cikinta. Kamfanin da ke bayanta ya raba ta gida biyu. Akwai ta kwamfutar tebur, kyauta, tana sauya fasali kullum, sai kuma ta uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanan ma'aikata, wadda ake saya, su kuma su kula da ita shekara da shekaru. Ni da irina muka yi ta gwada ta teburin, muna aika musu rahoton duk matsalar da muka gani, muna murna wai mu ma 'yan gida ne.

Kawuna shi ne shugaban ƙungiyar dillalan shanu a unguwarmu, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina. Ya kira ni ya ce in haɗa musu wurin ajiye takardun rigakafin dabbobinsu a kwamfuta. Ya tambaye ni har sau biyu ko ta kyautar za ta ɗauki nauyin, na ce masa duk abu ɗaya ne, suna kawai aka canza. Ban bincika ba, girman kai ya hana ni.

Bayan shekara guda kamfanin ya daina kula da wadda na ɗora. Na yi ƙoƙarin sabunta ta, komai ya rikice, kuma ban taɓa kwafe bayanan a wani wuri ba. A makon ne motoci uku na shanu suka tsaya a bakin iyaka babu takarda, cikin zafin rana, har wasu shanun suka mutu. Na rubuta wa kamfanin, suka amsa cikin ladabi cewa ta tebur filin gwaji ce, taimako na masu ta uwar garke ne. Ashe duk wahalar da muka sha, kayan sayarwarsu muke gyara musu.

Kawu bai zage ni ba. Ya ce kawai in mayar da makullin ofishin ƙungiyar. Har yau idan na gaishe shi yana amsawa, amma ba ya kallon fuskata.

Kamfanin bai yi mini ƙarya ba, komai a rubuce yake, ni ne ban karanta ba. 'Yan'uwana masu wannan sana'a, in an ba ku abu kyauta ku tambayi dalilin bayarwar, ku kuma san ranar da za a janye hannu, kafin ku ɗora amanar mutane a kai.