Kabewar da Shamaki Ya Yaba

Cikin dukan shekarun da na yi ina cefanen gidan ubangidanmu a Tambuwal, ranar da ta ƙi fita raina ita ce ranar da Shamaki ya yabi kabewar wani manomi a ƙasar Kebbe. Abin ya faru da kaka, shekarar da gulbi ya cika ya cinye fadamu, tun lokacin da ba mu san Nasara ba sai a bakin fatake. Ina ba ku labarin, ku da kuka karɓi aikin daga hannuna, don ku san asalin wata doka da na bar muku.

Sai na fara da tsarin gidan. Shamaki ne babbanmu, shi ke kula da dawaki da barori. Ni, Arzika, ina ƙarƙashinsa. Aikina in nemo abin da za a dafa, in kuma lura da rumbuna da jujin bayan gida. Duk abin da na kawo, a ƙofar shigifa nake ajiye shi, domin baligi ba ya wuce nan. Jakadiya ce ke ɗauka ta kai wa Inna Ige, shugabar masu girki. Ko magana ce, ta wannan hanya take bi.

A kakar nan aka aiko cewa wasu manyan malamai daga Sakkwato za su sauka a gidanmu. Ubangida ya ce tuwon shinkafa da miyar taushe za a yi musu. Taushe kuwa ba ta yiwuwa sai da kabewa, wadda mutanenmu ke ce wa kabushi. Na zagaye kasuwa ban ga ko ɓari ba, ruwa ya ruɓar da ita tun tana yaɗo. Daga baya wani mai jaki ya gaya mini akwai wani tsoho, Nomau, a wani ƙauye tsakanin Kebbe da Fakku, wanda gonarsa ke kan tudu. Shamaki yana da saƙo zuwa Kebbe, sai muka tafi tare. Muka kwana can, da safe muka isa ƙauyen.

Gonar ƙarama ce, bayan gida take. Yaɗon ya bi danga ya hau jinkar rumbu, ganye duk ya fara bushewa. Ga yadda ake zaɓen kabewa: a duba kusurwar da ta taɓa ƙasa ko ta yi laushi, a danna fata da farce, a ƙwanƙwasa, sa'an nan a duba kara ko ya bushe. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu na baya-baya ne, za su yi miya amma 'ya'yan cikinsu ba su ƙosa ba. Guda ɗaya ce ta cika, mai dogon wuya, fatarta toka-toka. An ɗora ta a kan sakaina, an kewaye ta da ƙaya. Wanda ya taɓa noma ya san ta iri ce, don haka na kawar da kai kamar ban gan ta ba.

Shamaki mutumin doki ne, bai taɓa riƙe hauya ba. Ya tsaya a kanta ya ce, "Kai, Nomau, wanga kabushi naka! Ban taɓa ganin mai kyawunai ba."

Kun san al'adarmu. Abin da babban baƙo ya yaba a gidanka ya zama nasa, shi kuma in ya mayar ya ci mutuncinka. Nomau ya zaro wuƙa ya yanke karan, ya durƙusa ya ce a kai wa ubangida gaisuwa. A nan Shamaki ya gane, don na ga ya kama gemu, amma magana ta riga ta fita. Na so a fasa ta nan take a bar musu 'ya'yan. Nomau da kansa ya hana, ya ce ba a kai gaisuwa fasasshiya, kuma zafin hanya zai lalata ta.

Ina ɗaure kaya a jaki sai matarsa ta kira ni daga bayan zana. Ta ce, "Ɗana, wanga iri ga uwata na gade shi. Shi ka kai bazara bai ruɓe ba, shi muka ci in rumbu ya yi ƙasa. Duk ƙauyen ga ba wanda nashi ya tsira bana. In kunka yanka, ku ci naman, ku maido muna ɗiyan."

Na ce mata na yi alkawari.

Muka iso gida ranar da baƙi suka sauka. Aka nuna wa ubangida kabewar, ya sa albarka, na ajiye ta a ƙofar shigifa. Na gaya wa jakadiya a fili cewa 'ya'yan babbar amana ne, a wanke su a shanya, kada a taɓa. Ta ce ta ji. Tana kai kayan ciki, kafin ta buɗe baki, uwargida ta aike ta masaukin baƙi da ruwa da fura, ba ta dawo ba sai bayan azahar.

Inna Ige kuwa ba ta jiran kowa. Tsarinta a taushe ɗaya ne: ta fere kabewa ta yanka, ta dafa da nama har ta narke, ta dama da ludayi, ta zuba daddawa da albasa da barkono, ta kawo yakuwa da alayyafo daga baya. 'Ya'yan kuma takan soya su a kasko, ta daka tare da gyaɗa don miya ta yi kauri. Haka ta yi ran nan. Baƙi suka ci suka yaba, aka aiko mini da nawa akushi, na ga dakakkun 'ya'yan a cikin miyar, na kasa sa hannu.

Da la'asar na roƙi Inna Ige ta zo ƙofar shigifa, ta tsaya bayan asabari. Na gaya mata abin da ke ciki. Ta ce, "Arzika, tun kafin a haife ka nike soya ɗiyan kabushi. In kana son su, bi malamai Sakkwato ka amso su cikin cikinsu." Can ta ce tarkacen ciki dai, wanda ta kwarfe da hannu, ta watsa shi ta kan katanga a kusurwar gabas ta juji. Na je na tona. Kaji sun riga ni, ban ga ko ƙwaya ba.

Na koma ƙauyen da kaina, don ba a aika irin wannan magana. Shamaki ya haɗa ni da taikin dawa daga nasa rabon. Nomau ya karɓa ya yi godiya, ya ce haka Allah ya so. Dawa za ta kai su bazara ɗaya. Iri shi ne na kowace bazara.

A ƙa'ida, kafin damina nakan sa a kwashe juji duka da jakuna a kai gandu don taki. Shekarar nan na nemi izni a bar kusurwar gabas, na kewaye ta da ƙaya. Shamaki ya zo ya gani ya ce, "Yau kuma juji anka yi ma dogari?" Amma bai hana ba. Daga baya jakadiya ta gaya mini cewa tun ranar nan Inna Ige ta hana a watsa ruwan wanke-wanke ta wajen, don kada wani abu ya tsiro da rani ya mutu. Ita ba ta taɓa faɗa mini ba.

Da ruwan fari ya sauka, kusurwar ta yi kore. Yakuwa ta fito, gauta ta fito, ga kuma yaɗo iri-iri masu faɗin ganye. Ban yarda da idona ba, domin duma ma haka yake farawa, kuma gidan ba ya rabuwa da ɓawon duma. Sai na jira fure. Na duma fari ne, na kabewa rawaya. Na farko da suka buɗe farare ne duka. Kowace safiya bayan na raba hatsin yini nakan leƙa. Wata safiya, can ƙarƙashin ƙaya kusa da katanga, na ga rawaya. Na san tun daga waccan kakar ba wata kabewa da ta shiga gidan sai ta Nomau, amma duk da haka ban gaya wa kowa ba sai da ɗan ya fito na ga dogon wuya. Ran nan na zauna a kan jujin, da rigata mai kyau, na yi hamdala.

Da kaka yaɗon ya ba da manya guda uku. Na ɗora kowace a kan sakaina har kara ya bushe. Ubangida ya ce a kai su duka. Inna Ige ta aiko cewa in gaya wa tsohuwar ba da gangan ta yi ba, ta haɗo da curin daddawa.

Na sauke su a ƙofar Nomau. Ya ɗauki ɗaya ya shiga da ita ciki. Na ji an ƙwanƙwasa ta sau biyu, sa'an nan muryar matar ta ce, "Shi ne." Ta fasa ɗaya a ranar. Kafin ta ɗora tukunya sai da ta tsince 'ya'yan, ta wanke, ta cuɗa da toka, ta shanya a faifai inda idonta ke kai. Bayan haka ta yi taushe, na ci har na nemi ƙari.

Aikin cefane ya koya mini cewa manomi ba zai taɓa ce wa baran sarki a'a ba, ko da abin da ake nema shi ne na shekara mai zuwa. Saboda haka mu ne za mu san abin da ba a ɗauka. Daga nan dokar ta fito: in kun shiga gonar mutum, ku fara tambayarsa wanne ya ware don iri, ku juya masa baya, sa'an nan ku zaɓa. In kuwa da babba kuka je, ku gaya masa tun a hanya. Shamaki da kansa, har ya bar aiki, in muka doshi gona yakan tsaya a bakin danga ya riƙe dokinsa, ya ce in shiga ni kaɗai, shi ba ya ganin komai.