Kujera Ɗaya Ta Rage

Ranar wata Laraba ce a ƙarshen damina, ina aji huɗu a firamare, maciji ya sare ni a ƙafa muna tugen gyaɗa a gonarmu ta bayan Kiyako. Kafin nan mun yi sati muna musu a kan motoci biyu. Ɗaya ta kakanmu ce, Baba Alhaji, doguwa baƙa mai kujerun fata, ta tsufa har sai an tura take tashi. Ɗayar kuma ja ce sabuwa fil, mai ƙofa biyu, wadda Kawu Sani, ƙanen Inna mahaifiyata, ya zo da ita daga Abuja. Cikinta kamar ya taɓa ƙasa, don haka a bakin kwalta ya bar ta, hanyar ƙauyenmu ta fi ƙarfinta. Mu yara duk muna bayan ja. Baba Alhaji kuwa cewa yake, "Wannan ai takalmi ce, ba mota ba."

Tsohuwar motar aka tura, aka kwantar da ni a baya, kaina a cinyar Inna. Ta ratsa taɓo da yashi tana nishi, ƙafata na kumbura, bakina na ɗanɗanon jini. Da muka hau kwalta sai ta fara hayaƙi, gudunta bai fi na keke ba, ga asibitin Birnin Kudu da sauran tafiya. Jar motar tana nan a gindin mangwaro, amma ban da ta direba kujera ɗaya ce tal. Kawu ya ce wa Inna, "Yaya, ba ni yarinyar." Na ƙanƙame zanin Inna ina ihu, wallahi tsoron rabuwa da ita ya fi mini tsoron dafin. Da hannunta ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ta zaunar da ni a jar motar, ta rufe ƙofar, ta ce, "Sani, taka ta."

Likita ya ce da mun ƙara jinkiri da sai dai wani labarin. Inna ba ta iso ba sai bayan la'asar, ba ta san ko da rai za ta same ni ba.

Yanzu ni ma ina tuƙa tawa, ina bin hanyar nan da 'ya'yana a baya suna musun motoci. Ban taɓa tambayar Inna yadda ta yi da zuciyarta a wannan tafiyar ba. Yau da nake son ji, ba ta nan.